Fitilar Ba Ta Yi Sanyi Ba

Mahaifina, Alaramma Yahya, ya rubuta Alƙur'ani shida da hannunsa, da ka, ba tare da ya buɗe wani ya duba ba, kuma ko ɗaya babu a gidanmu. Ɗaya yana Minjibir, biyu suna birni, ɗaya wani mai fataucin shanu ya tafi da shi Nijar, sauran biyun kuwa shi kansa sai ya yi tunani kafin ya tuna inda suke. Na bakwai ne ya ce namu ne. "Wannan ba zai bar gidan nan ba," in ji shi, "ko bayan raina." Shekara uku yana kansa a hankali, tsakanin gona da karantarwa da zuwa jana'iza, har ya rage saura izu takwas cikin sittin. A nan ne idonsa ya fara gazawa.

Ni ce Tahira, 'yarsa ta uku. Ina aure a Ɗambatta, tafiyar rabin awa a babur daga ƙauyenmu da ke gefen Makoda. Sana'ata gyaran fitilun sola da tocila da rediyo, a kan wani tebur a zauren gidan mijina. Rabin aikin a wani horo da aka ba mata na koye shi, sauran rabin ƙunar yatsa ce ta koya min. Mutane suna cewa ina da zafin rai, kuma ba na musu. Duk wanda zai wuni yana gyara abin da wasu suka ɓata da gangancinsu, in bai yi zafin rai ba to waliyyi ne.

Ni na raka Baba asibitin ido a Kano. Likita ya ce ba yanar ido ba ce da ake cirewa a huta, hawan jinin ido ne, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa, sai dai a yi ƙoƙarin riƙe abin da ya rage. Ya ba da maganin ɗigawa. Da Baba ya fita, sai likitan ya tsayar da ni a bakin ƙofa ya ce duk ranar da Baba ya ce ganinsa ya ragu mu dawo da shi a ranar, kada mu jira. A mota Baba ya gyara zaman rawaninsa ya ce, "Likitan nan yaro ne. Idona lafiyarsa ƙalau, ɗakin ne da duhu."

Ɗakin kuwa da duhun. Ginin ƙasa ne mai azara, tagarsa ɗaya ba ta fi faifai ba, ga dalbejiya ta rufe ta. A waje ba ya rubutu, saboda iska, da ƙuda da ke sauka a kan ɗanyar tawada, da kajin Inna, sannan hasken rana a kan farar takarda hawaye yake sa shi. Daga hantsi zuwa azahar yake zama a kan buzunsa, allon katako a gwiwa, fitilar kasuwa mai batir a gefe. Da safe ta yi haske, kafin rana ta take ta koma ja, ya ɗauka ya bubbuga ta a tafin hannu. A wurinmu kowa ya san in haske ya ragu to batir ne, kafin batir kuma kananzir ne ko lagwani. Ban taɓa jin wanda ya zargi idonsa ba alhali ga fitila a kusa.

Sai na ce zan haɗa masa wadda ba ta gajiya. Na sayo ƙwan LED irin mai ƙarfi, ɗan abu rawaya da bai fi farcen babban yatsa ba, amma in ka kalle shi yana kunne sai ka daɗe kana ganin ɗigo-ɗigo. Na ɗaure shi a jikin wani ƙarfen alminiyam mai haƙarƙari da na ciro daga matacciyar kwamfuta, don ya riƙa shanye zafi. Na sa farantin sola a kan rufi, da batir a kusurwar ɗaki. Tsakanin batirin da ƙwan kuma na sa abin da shi ne ainihin aikin, wani ɗan allo kore kamar kwalin ashana. A kasuwa direba ake ce masa.

Irin wannan ƙwan bai san ƙoshi ba, kamar akuya ce da ta tarar da rumbu a buɗe. In ka haɗa shi da batir kai tsaye zai ja wuta ya yi zafi, in ya yi zafi ya ƙara ja, in ya ƙara ja ya ƙara zafi, har ya kashe kansa. Aikin direba shi ne ya auna masa abin da zai ci, ya tsaya a kan awon nan ba ƙari ba ragi, ko batir a cike yake ko hadari ya wuni ya hana shi caji. In batirin ya ƙare ƙarƙaf, fitilar za ta ɗauke gaba ɗaya, amma ba ta dushewa a hankali irin ta tocila. A jikin direban akwai ɗan sukuru na tagulla da ake murɗawa a zaɓi awon. Iyakar ƙwan nan ɗari tara ne a kan mitar awon wuta, miliam a bakin masu sana'a. Na tsayar da shi a ɗari bakwai don ya daɗe.

Ranar da na kafa ta, Baba ya juya ƙwan a hannunsa ya ce, "Wannan ɗan mitsitsin ne kika ɗauko tun daga Ɗambatta?" Da na danna makunni sai ya kare fuska da hannun riga, sannan ya fashe da dariya, irin wadda na daɗe ban ji ba. Ya ɗaga kai ya hango gidan zanzaro har uku a jikin azara.

"Kulu!" ya ƙwala wa Inna kira. "Zo ki ga ɗakin da kike cewa kin share."

Yadda yake aikinsa, da baƙar tawada yake fara rubuta warƙa da alƙalamin kara, ya bari ta bushe, sannan ya ɗauki siririn alƙalami ya bi ta da jan wasali, ya ƙarasa da ɗigon rawaya inda ake sa shi. Warƙa guda a rana, wata rana da rabi. Wadda ta kammala sai ta shiga tsakanin kwali biyu a ɗaure da igiyar fata, kuma babu mai buɗewa. Sai an gama duka ne abokinsa Gwani Khalilu zai zo daga Minjibir ya zauna ya bi shi tun daga farko, kamar yadda suka saba yi wa juna shekara arba'in. Kafin nan babu idon da ke sauka a kan takardun sai nasa.

Watan farko izu uku ya rubuta. Duk Juma'a in na zo gaida su sai in tarar da shi da tawada a yatsu da fara'a a fuska. Ya daina ce min Tahira, sai injiniya. Ni kuwa ina ta hura hanci.

Juma'ar da ta biyo bayan ruwan shuka, ina shiga muka gaisa, sai ya ce, "Injiniya, fitilarki ta fara sanyi."

Na yi dariya, na ɗauka waya ce ta saki. Na fito da mita daga jaka na ɗora. Ɗari bakwai. Na cire na goge bakin wayoyin na sake ɗorawa, ɗari bakwai dai, ko gezau. Na dubi ɗakin, har ƙwayar yashi ana gani a ƙasa. Na ce masa ina zuwa, na fita madafi wurin Inna.

"Inna, fitilar nan lafiyarta ƙalau," na ce a hankali. "Idonsa ne."

Ba ta daina tuƙin tuwo ba. "Ke za ki faɗa masa?"

"Likita ya ce ranar da ya ce gani ya ragu, a mayar da shi."

"Likita ba ɗansa ba ne. Saura izu biyar fa, Tahira. In kika kai shi suka ce ya ajiye alƙalami, me kike so ya tashe shi da safe? Ki bari ya ƙarasa, sai ku je duk inda za ku je." Ta buga muciya a bakin tukunya. "Ba ke kika ce akwai abin da ake murɗawa ba?"

Na so a ce laifin Inna ne, amma sukundireba a hannuna take. A gidanmu mun tashi ba ma kallon ƙwayar idon Baba in yana magana, balle a ce mu buɗi baki mu gaya masa idon ya lalace. Kunya ce, da tausayi, da kuma tsoro, kuma tsoron ya fi yawa. Na koma ɗaki na durƙusa na murɗa ɗan sukurun har mita ta nuna ɗari takwas.

"Yauwa!" in ji Baba. "Ai na faɗa miki. Me ya same ta?"

"Waya ce ta saki, Baba."

"To, Allah ya yi miki albarka."

Ban taɓa jin albarka ta yi min nauyi ba sai ranar.

Bayan mako uku, ana tsakiyar noman farko, ya sake cewa ta yi sanyi. Wannan karon na tarar da limamin unguwarmu ya zo gaisuwa yana zaune a bakin ƙofa. Mutumin nan ya ƙanƙance ido saboda tsananin haske, amma ya buɗi baki ya ce, "Lallai kam ta yi sanyi, Allah gafarta Malam. Ai kayan zamani ba su da ƙarko." Kaɗan ya rage in wurga masa mitar. Abin da ya hana ni shi ne ban ga bambancina da shi ba, sai dai ni ina da lamba a hannu shi ba shi da ita. Na murɗa zuwa ɗari tara. Na yanko murfin gwangwanin biskit mai ƙyalli na lanƙwasa shi a bayan ƙwan don ya tara hasken wuri guda, na kuma sauko da fitilar har ta kusa taɓa masa rawani.

A duk zuwan nan ban taɓa duban takardar da ke gwiwarsa ba. Ba wai don al'ada ta hana ba, ai ɗan kallo ba ya karya al'ada. Na ƙi dubawa ne. In na shiga sai in kafa idona a kan mita, in fita idona a ƙasa. Ina dai ganin yadda yake ƙara sunkuyawa mako bayan mako, har gemunsa ya fara ɗaukar tawada.

Karo na uku na ce, "Baba, ta kai iyakarta. In na ƙara ƙonewa za ta yi."

"To, a bar ta haka," ya ce. "Saura izu ɗaya da 'yan warƙoƙi. Allah ya sa ta kai mu."

Sai ga Yaya Basiru. Shi ne babba a gidanmu, manomi ne, da rani kuma yana taɓa gyaran injin ban ruwa, shi ya sa yake ganin duk abin da ke da waya ƙaninsa ne. Tun ranar farko ya ƙulla gaba da direban nan. Ya taɓa shi ya ji da ɗumi, shi ke nan ya yanke hukunci.

"Duk abin da ke zafi wuta yake sha," in ji shi. "Ɗan kwalin nan wutar Baba yake sata."

Na yi masa bayani har na kawo masa misalin akuya da rumbu. Ya saurare ni yana sakace, sannan ya ce, "Ke dai ce kika san boko. Amma a gidan nan tun da kika tashi, kin taɓa ganin an auna wa Baba abinci? A zuba masa ne ya ci ya rage. Wuta ce za a auna masa?" Na ce masa in ya taɓa min kaya za a ji mu. Ya ce shi da gidan ubansa. A haka muka rabu.

Ranar wata Talata, wajen sha ɗaya, ina liƙe wayar wata tocila da dalma, Inna ta kira ni. Ba ta tsaya gaisuwa ba. "Fitila ta mutu. Malam ya ce ki zo yanzu." Na jefa sabon ƙwai da wani direban a jaka na tari babur. Gero ya yi tsawo a gefe da gefen hanya har ya fi mai babur ɗin, wasu gonakin sun fara fitar da kai, damina ta yi kyau ƙwarai, amma ni ba abin da nake gani sai fuskar Basiru.

A zaure na same shi, da direban a hannu, wayoyinsa biyu na reto inda ya datse su da filaya. Da safe Baba ya sake kuka da duhu, Basiru kuma kafin ya tafi gona ya cire ɗan ɓarawon nasa ya murɗe wayar ƙwan da ta batir kai tsaye. Rana ta fito sosai ranar, batir ya cika fam.

"Wallahi da kin ga hasken!" ya ce, ko kunya babu. "Baba cewa ya yi rabonsa da irinsa tun yana saurayi. Ashe duk kwanakin nan tauye shi ake yi."

"Ya kai minti nawa?"

"To, kamar a sha kunu a tashi. Sai ya koma shuɗi-shuɗi, aka ji ƙauri, ya ɗauke. Ƙwan naki ne ba mai kyau ba."

Abin da na faɗa masa ba zan maimaita shi duka ba. Na ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Na ce ya yi gyaran gangar auzinawa ya zo yana jiran a gode masa. Na ce ya koma wurin injinansa da ke jure wauta. Ina cikin yi sai muryar Inna ta fito daga ciki, a sanyaye: "Tahira, yayanki ne fa. Malam na jiranki."

Baba ba ya cikin ɗaki. A ƙofa yake zaune a kan tabarma, ƙarƙashin dalbejiya, kuma a kan cinyarsa ga kwalayen nan biyu an kwance igiyar. Tun da nake ban taɓa ganinsu a buɗe ba. Na durƙusa na gaishe shi, na fara cewa na zo da sabon ƙwai, yanzun nan zan mayar. Ya ɗaga hannu.

"Kina da alwala?"

"A'a, Baba."

"Je ki yi."

Da na dawo sai ya nuna min gefen tabarma. Ya ce lokacin da hasken nan ya tashi, ya ga takarda tas, yadda ya yi watanni bai gani ba. Kafin ya tsoma alƙalami sai ya jawo warƙar jiya don ya ga inda ya tsaya, kuma ya ga abin da bai yi masa daɗi ba. Kafin ya tabbatar, ɗaki ya yi duhu.

"Ko gizo idona ya yi min, ko gaskiya ne, ban sani ba," ya ce. "Ungo. Karanta min. Ba abin da ke kanki ba, abin da ke kan takardar."

Na karɓa da hannu biyu. Layukan baƙin sun karkace suna gangarowa, na huɗu ya hau kan na biyar. Jan wasali yana yawo a tsakanin layuka, wani a kan harafin da ba nasa ba, wasu kalmomin kuma babu ja ko kaɗan. Ɗigon rawaya ɗaya ya fita har bakin takarda. Wajen ƙasa akwai rabin layi da alƙalami ya bushe bai sani ba, ya ci gaba da rubutu, sai sawun kara kawai a jikin takarda. Wannan hannun ne mutane ke tahowa daga birni don su gani.

Wurin nan na haddace shi tun ina 'yar shekara tara. Da zan rufe ido in rera masa daidai, babu abin da ya fi wannan sauƙi, kuma har na buɗe baki da niyyar haka. Harshena ya ƙi. Mutum ya iya yin ƙarya a kan waya da sukuru, amma ba a kan wannan ba. Na fara karanta abin da nake gani. A kalma ta uku wasalin ya juya ta ta zama wani abu dabam, na tsaya na yi istigfari.

"Ci gaba."

"Ba za ta karantu ba, Baba."

Ya karɓa ya ajiye ta a hagunsa, ya lalubo ta bayanta ya miƙo min. Na duba na ce a'a. Ya miƙo ta bayanta. Haka muka yi ta komawa baya, warƙa bayan warƙa, yana miƙowa ina cewa a'a, tulin hagu yana tashi. Aka kira azahar, muka tashi muka yi salla muka dawo. Inna ta kawo fura ta ajiye, babu wanda ya taɓa. Da muka yi nisa sai layukan suka fara miƙewa, baƙin ya dawo da kyansa kamar yadda na san shi, jan ne kawai ke kauce wa wurinsa. Kuskure ɗaya ko biyu ana kankarewa da reza a gyara, amma waɗannan sun wuce kankara. A warƙa ta talatin da tara na bi layi-layi har ƙasa, na juya bayanta na bi, ban sami komai ba.

"Wannan lafiya lau take."

"Karanta min farkonta."

Na karanta. Ya gyaɗa kai. Shi kowace warƙa ya san ranarta.

"Ranar Alhamis na rubuta wannan, bayan ruwan shuka. Washegari kika zo na ce miki fitila ta yi sanyi." Ya juyo gare ni. "Abin awon nan naki, me ya nuna ranar?"

"Ɗari bakwai."

"Ranar da kika kafa ta fa?"

"Ɗari bakwai, Baba."

"Wayar da ta saki?"

"Babu wayar da ta saki."

Tun da ranar wanka ta zo, sai na faɗi sauran. Na gaya masa irin wannan fitila ba ta sanyi, don haka aka sa mata direban. Na gaya masa abin da likita ya ce a bakin ƙofa. Ban ambaci Inna ba, ko da yake ina jin ta tsaye a bayan katangar madafi, motsin kwano ma ya ɗauke. Ina magana ina kuka, irin kukan da ke fita da majina, babu kyan gani. Na so ya daka min tsawa, ko ya ce in tashi in ba shi wuri. Bai yi ba. Ya daɗe yana shafa gefen warƙar nan mai kyau da babban yatsa.

"Da kin faɗa min ranar," ya ce, "da na aika wa Khalilu ya zo ya riƙe ja, ni in riƙe baƙi. Baƙin ina ganinsa a lokacin. Da yanzu mun gama."

"Baba, na zo da sabon ƙwai. Zan sa biyu, kowanne da direbansa. Gobe mu je asibiti, in mun dawo sai ka sake su a hankali."

"Asibiti za mu je, in Allah ya kai mu. Amma duk takardun nan da nake miƙo miki, a waje, da rana tsaka, farin kawai nake gani. Da lalube nake gane gaba da baya." Ya haɗa kwalayen a kan warƙoƙin da suka tsira, ya ɗaure igiyar da kansa, ƙulli biyu. "Khalilu zai ƙarasa in ya yarda. Hannunsa yana da kyau. Sai dai duk wanda ya buɗe zai ga inda na tsaya."

Warƙa talatin da takwas ɗin da ke hagunsa ba a ajiye irinsu, don kada wata rana wani yaro ya tsinta ya karanta yadda aka rubuta. Ƙona su ake yi a bizne tokar inda ƙafa ba ta takawa. Baba ya ce a kawo sabon kasko. Yaya Basiru ya taso zai karɓi aikin, jikinsa duk ya mutu, amma Baba ya ce a'a, Tahira ce za ta yi.

Bayan la'asar muka zagaya bayan gida, ni da shi, ina riƙe da kasko yana riƙe da kafaɗata. Na shimfiɗa masa buzu ya zauna dab da inda na ajiye kaskon. Na yi bisimilla na ƙyasta ashana. Ɗaya bayan ɗaya nake sawa, kowace sai ta cinye sannan in sa ta gaba, haka ya ce. Takardar mai kauri ce, ba ta saurin kamawa, sai ta fara lanƙwashewa daga gefe tukuna. Wata biyu na zamansa a sunkuye ke nan, kuma kowace warƙa da na ɗauka sai na tuna Juma'ar da na zo na same shi a kanta na gaishe shi na wuce. Shi dai leɓensa na motsi, yana karanta su da ka, daidai, yadda ya yi nufin rubuta su.

Da ta ƙarshe ta zama toka, na goge fuska da gefen mayafi na ce, "Baba, sun ƙare."

"Na sani," ya ce. "Na ji zafin ya bar fuskata."